Hannun waifa na tsohuwar mota: a bar tsohon kai, a canja sanda

Bello, ka tambaye ni me zai hana mu buɗa ramin sabon hannun waifar nan da injin huda, tunda ya ƙi zama a kan shaf ɗin motar Alhaji, wato ƙarfen da ke juya hannun, mu ɗaure shi da noti mu sallame shi. Kada ka taɓa ramin nan tukuna, ɗana. Ajiye shi ka saurara.

Ka fara sanin motar da ke gabanka. Marsandi ce 508, irin waɗanda aka ƙera a Jamus tsakanin 1967 da 1986. Turawa ne suka mayar da cikinta ɗaki, da gado da wurin girki, kuma irinta da yawa ta hamada suka shigo, ta Agadas zuwa Ƙonni, su faɗo Illela. Motar da ta kai wannan shekaru ba za ka shiga shago ka ce a ba ka hannun waifarta a kwali ba. Abin da ke kasuwa na ƙananan motoci ne da bas-bas na yanzu. Dole sai an haɗa, amma haɗin yana da ƙa'ida.

Ɗauki tsohon hannun ka juya shi. Abu uku ne a jikinsa: kan da ke zama a kan shaf, sandar da ke ɗauke da roba, da sifirin da ke ƙarƙashi yana jawo sandar zuwa gilashi. Yanzu leƙa cikin ramin kan. Ka ga bakinsa na ƙasa ya fi na sama faɗi? Shi ma shaf ɗin haka yake, yana tsukewa zuwa sama, da ƙananan haƙora kewaye da shi. Shaf ƙarfe ne mai tauri, kan kuwa alminiyam ne mai laushi. Idan ka ɗaure noti, haƙoran nan su ke nutsewa cikin alminiyam su yi wa kansu mazauni, shi ne riƙon. Ka sa injin huda ka buɗa ramin, ya zama miƙaƙƙe sama da ƙasa, to wuri ɗaya kawai zai taɓa shaf. Yau zai yi kamar ya kama. Ranar da aka yi ruwa mai iska a hanyar Gusau, hannun zai zame, moton waifa na juyawa waifa na kwance, kuma yana zamewar yana cinye haƙoran shaf. Hannu ana samun wani, shaf ɗin motar nan kuwa sai an yi yawon 'yan gwangwan kafin a dace.

Saboda haka kan tsohon hannun shi ne dukiyarmu. Wanke shi da fetur da burushin waya, ka duba ko ya tsage. In lafiyarsa lau, shi za mu bari, sandar kawai za mu canja, tunda ita ce ta yi tsatsa ta karye, kuma bakinta na dā babu robar da ke shigarsa yanzu. Sabon hannun abin da muke so a jikinsa shi ne ƙugiyar bakinsa, don ko'ina Alhaji ya je zai sami roba mai shiga ƙugiya. Ita ma ba ɗaya ba ce: ta ƙananan motoci faɗinta milimita 9, ta manyan motoci 12. Ka riƙe wadda muka sa, don ka gaya masa.

Kafin yanka, awo. Auna tsohon hannun daga tsakiyar ramin shaf zuwa inda tsakiyar roba ke zama, ka rubuta a jikin gilashi da alli. Kada ka ƙara ko yatsa ɗaya don ka burge mai mota. Iyakar inda waifa ke kaiwa ta dawo ba hannu ke tsara ta ba, moto ne da sandunan da ke bayan dashbod. Idan ka tsawaita hannu, bakin roba zai riƙa dukan robar gefen gilashi, ko waifa biyu su sarƙe a tsakiya, moton da ya tsufa kuma ya ɗauki nauyin da ba a yi shi dominsa ba, ya yi zafi, fiyus ya riƙa ƙonewa. Sannan ka lura da lanƙwasar sanda. Na direba da na fasinja ba lallai su zama ɗaya ba, kuma hannun motar da sitiyarinta ke dama lanƙwasarsa ta saba da na mai sitiyari a hagu. Mu nan tun 1972 muka koma tuƙi a hannun dama, amma har yanzu kayan motocin Ingila da Japan na shigowa cikin na Beljiyam, mai sayarwa kuma ba zai tsaya bambance maka ba.

Wajen haɗawa, na san hannunka na ƙaiƙayin walda. Ni ribiti na fi so. Ka cire ribitin da ke riƙe da tsohuwar sanda, ka zare ta, ka yanka sabuwar daidai awo, ka zura ta a mazaunin, ka huda biyu ka buga ribiti biyu. Ɗaya ba ya isa, sandar za ta riƙa wasa. Idan kaurinsu ya saba har sai an yi walda, to a cire sifirin a ajiye gefe, a nisanta wuta daga kan alminiyam. Sifirin da ya sha wuta ya mutu, ko da ido bai nuna ba. Kuma kada a haɗa baki da baki, a ɗora ɗaya kan ɗaya kamar faɗin yatsa biyu.

Sifirin nan shi ne inda yawancin masu gyara ke faɗuwa. Za ka ga an sa sabuwar roba amma tana barin layin ruwa a tsakiya, a ce robar jabu ce, alhali hannun ne ba ya danna ta. Ka ari sikelin rataye, irin na masu auna kaya, ka maƙala ƙugiyarsa a bakin hannun, ka ja har ya fara rabuwa da gilashi, ka karanta. Abin da ake nema kamar giram 10 zuwa 15 ne a kan kowane santimita na roba. Robar santimita 50 ke nan tana son rabin kilo zuwa kashi uku cikin huɗu na kilo. Ya gaza haka, iska za ta ɗaga ta idan mota ta ɗauki gudu, balle wannan da gilashinta ke tsaye yana karɓar iska gaba ɗaya. Ya wuce haka sosai, roba za ta riƙa ƙara tana tsalle, moto na wahala. Idan tsohon sifirin ya saki, gwada na sabon hannun, ko ka matsar da ramin da yake maƙalewa kaɗan, ka sake aunawa.

Akwai kuma murɗa. Kwantar da hannun a tsakiyar gilashi ba roba, ka duba bakin ƙugiyar: ya kamata ya kwanta daidai da fuskar gilashi. In ya karkata, roba za ta share lafiya a tafiya, ta yi kakkarwa a dawowa. Sifana biyu masu daidaitawa sun isa, ɗaya ta riƙe, ɗaya ta murɗa, a hankali.

Ranar ɗaurawa kada ka ɗora hannun waifar sai ka kunna moto ba komai a kan shaf, ka kashe, ka bar shi ya koma mazauninsa da kansa. Sannan ka ɗora hannun inda roba za ta kwanta, kamar yatsa biyu sama da robar ƙasan gilashi, ka ɗaure noti daidai, ban da hawa kan sifana, zaren shaf ɗin siriri ne. Ka ɗiga mai a gindin shaf tun da ka samu wurin a buɗe, don ƙurar hunturu ta shekaru tana ciki. Kuma kada ka gwada a busasshen gilashi. Ƙurar garin nan yashi ce, shara biyu ta isa ta zana gilashin da ba mu da inda za mu samo wani. Kawo buta ka riƙa zuba ruwa ina kunnawa, mu fara da ƙaramin gudu.

Idan an gama ka gaya wa Alhaji ya sayi roba biyu ya ajiye cikin mota inda rana ba ta kaiwa, ya sa su farkon Yuni. Wadda ta kwana a kan gilashi tun daga Maris zuwa Mayu a zafin Sakkwato ta riga ta bushe kafin ruwan farko. Yanzu je ka wanko min kan nan, ka zo da alli da tef mu yi awo.