Ɗana ba ya rabuwa da lemon kwalba, yaya zan yi?

Tambaya: Ɗana mai shekara 13 ba ya rabuwa da lemon kwalba da biskit, kuma duk lokacin da na hana shi sai mu yi ta sa-in-sa. Ta yaya zan fahimtar da shi ba tare da faɗa ba?

Amsa: 'Yar'uwa, idan yaro ya kai waɗannan shekaru hani kaɗai ba ya cika tasiri, domin ba kullum yake gaban idonki ba, kuma abin da kika hana a gida zai same shi a waje. Abin da ya fi shi ne ki koya masa karanta bayanin da ke jikin abin da yake saya.

Ki samo gwangwanin lemon kola mai mililita 330 ku duba tare, za ku tarar da kusan giram 35 na sukari. Ƙaramin cokalin shayi yana ɗaukar kimanin giram 4, saboda haka ki miƙa masa cokali da kofi ya auna da hannunsa, ya ga tsibin cokali kusan tara a gabansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada irin wannan sukari da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abinci a rana, kuma ya fi kyau a sauko ƙasa da kashi 5, wato wajen cokali shida ga babban mutum. Ruwan 'ya'yan itace da aka matse da zuma ma suna cikin wannan lissafi, abin da iyaye da yawa ba su sani ba, amma ɗan itacen da aka ci yadda yake ba ya ciki.

Sannan ki nuna masa cewa ana jera kayan haɗi ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, don haka idan sukari ya zo na farko ko na biyu a jikin biskit, magana ta ƙare. Idan zai gwada kaya biyu, ya dubi adadin sukarin da ke cikin giram 100 na kowanne.

Kada a tsaya ga ragewa kawai, domin jikinsa yana kan girma: hukumar ta so wanda ya haura shekara 10 ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa kullum. Ki kuma guji yi masa gorin ƙiba, musamman a gaban 'yan'uwansa, domin hakan yana iya kai matashi ga ƙaurace wa abinci a ɓoye. Idan kika ga yana rama, ko yana yawan jin ƙishi da fitsari, ki kai shi wurin likita.