Me Ya Sa Waƙata Ke Sirancewa a Waya?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ina waƙar biki a nan Garwa, kwanan nan na fara ɗaukar muryata da wata manhaja a waya. Tana ta nuna min melodi da harmoni da ton, ni kuwa ban san bambancinsu ba. Kuma da na tura wa mutane ta WhatsApp sai waƙar ta sirance. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Melodi shi ne karin waƙa, hawa da saukar murya sauti bayan sauti, abin da yaro zai kama ya tafi yana fito da shi ko bai riƙe baiti ɗaya ba. Shi ne jarinka, kuma babu manhajar da za ta ƙirƙira maka shi da daɗin da kai za ka yi.

Harmoni kuwa sautuka mabambanta ne, biyu ko fiye, su fita lokaci guda su jitu. 'Yan amshinmu galibi kari ɗaya suke bi tare, don haka nasu ba shi ba ne. Mawaƙan coci ne za ka ji sun raba muryoyi, wasu sama wasu ƙasa. Wajen yin harmoni, manhajar kwafar muryarka take yi, ta ɗaga ko ta sauke, ta jera da ta asali. Ka sa kaɗan, a wurin amshi kawai. Haka ma Auto-Tune, manhajar daidaita hawa da saukar murya, da ya fito a 1997: idan ka cika masa hannu yakan daddage karin har kalmomi su daina fita yadda Bahaushe ke furta su, abin da ke ɓata min rai a waƙoƙin yanzu.

Ton amo ne. Ana auna tsininsa da yawan girgiza a daƙiƙa: 440 ne ma'aunin da ake saita kayan kiɗa da shi, idan ya ninka zuwa 880 sautin nan ne dai, amma a sama. Akwai kuma launin amon. Algaita da goge za su iya fitar da sauti ɗaya, kunne bai kasa bambance su.

Sirancewar daga wuri biyu take. Sifikar waya ƙarama ce, ba ta iya fitar da amo mai kauri irin na ganga, sannan saƙon murya matse sauti yake yi. Ka tura waƙar a matsayin fayil, ka riƙa saurare da abin sawa a kunne. Wajen ɗauka ka kashe fanka, ka shiga ɗaki mai katifa da labule, ka bar tazarar taƙi ɗaya tsakanin bakinka da wayar.