Hoton fasfo: wajen mai hoto ko da waya a gida?

'Yar'uwa, kin ce kina Argungu, kina tambaya ko ki ɗauki hoton fasfo da waya a gida maimakon zuwa shagon mai hoto. Ya danganta da inda za ki kai shi.

In fom ɗin makaranta ne ko na banki, waya ta wadatar. Ki tsaya gaban farin bango da hantsi, ki ɗan matso gaba kaɗan don kada inuwarki ta faɗa jikin bangon. Wani ya ɗauke ki da kyamarar baya, ya ja baya kamar taku biyu. Kada ki ɗauki kanki da hannu, hanci yakan fito ƙato. Hijabi ba matsala, amma fuska ta fito tun daga goshi har haɓa, kuma ki guji fari, yana narkewa cikin bango. Ban da filta, wato abin nan na waya mai gyara fata a hoto.

Wankin hoton ne ke ba da wahala. Na taɓa bugawa a wani shagon kwamfuta a Birnin Kebbi kan takardar rubutu, gumin yatsa kawai ya ɓata shi.

Biza kuwa, ki je wajen ƙwararren mai hoto. Amurka na son inci 2 tsawo, inci 2 faɗi, ba tabarau. Na Hajji ko Umara, ki fara tambayar hukumar alhazai ko ejan ɗinki ƙa'idarsu kafin ki biya kuɗin hoto.