Tambaya da Amsa: An binne ƙanena soja a Maiduguri, Inna ko kabarinsa ba ta gani ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Kawu, da fatan kana lafiya. Ni 'yar Argungu ce. Ƙanena mai bi mini soja ne, yana da shekara 24 aka kashe shi a wani kwanton ɓauna a jihar Borno, bara da damina. A waya muka ji. An binne shi tare da abokan aikinsa a maƙabartar sojoji ta barikin Maimalari, a cikinmu Baffa kaɗai ya samu zuwa. Ya bar mata da jaririya. Yanzu shekara na zagayowa, abokansa na unguwa suna son buga riguna da hotonsa, su shirya gasar ƙwallo da sunansa. Baffa ya ce bidi'a ce, kada ma ya ji. Inna kuwa ba ta cewa uffan, sai dai bayan la'asar ta fito da jakar kayansa da aka aiko, ta warware ta ninke ta mayar. Kawu, me za mu yi masa wanda zai amfane shi, kuma kada a manta da shi?

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya jiƙansa, ya karɓi shahadarsa, ya raya abin da ya bari.

Da Inna zan fara, don ita ce ta fi ba ni tausayi a wasiƙar nan. Uwar da ba ta ga gawa ba, ba ta ga an ɗauki makara daga ƙofar gida ba, zuciyarta takan daɗe tana jiran sallamar ɗanta a zaure. Kada ku hana ta jakar nan, kada kuma wani mai ganin ya fi kowa tawakkali ya ɓoye ta. Ki zauna kusa da ita in ta fito da kayan, ki ja ta da hirarsa: ranar da ya tafi Depot, wato sansanin horar da sababbin sojoji a Zariya, yadda ya dawo hutun farko a rame da askin ƙwal-kwabo, abin da ya sayo mata da albashinsa na fari. Za ta yi kuka, ku bar ta. Hawaye ba haramun ba ne, Manzon Allah (SAW) ya zubar da su ranar rasuwar ɗansa Ibrahim.

Ki kuma gaya mata wannan. Ranar Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, an kashe Musulmi kusan 70. Wasu iyalai sun ɗauko nasu za su kai Madina, Annabi (SAW) ya sa aka mayar da su inda suka faɗi, can aka binne su, har da baffansa Sayyidina Hamza. Ɗan Inna yana kwance ne cikin waɗanda suka tsaya tare da shi, ba jefar da shi aka yi a baƙon gari ba. In hali ya samu, a kai ta ziyara. Daga Argungu zuwa Maiduguri tafiya ce ta kwana biyu ga tsohuwa, a biyo ta Kano a kwana, washegari a bi Potiskum da Damaturu da rana tsaka. Maƙabartar a cikin bariki take, saboda haka Baffa ya fara tuntuɓar rundunar da yaron ya yi aiki, a tafi da lambarsa ta soja. In kuma jikinta ba zai ɗauka ba, addu'a ba ta san nisa ba.

Sai abin da mutane suka fi sakaci da shi, wato bashi. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa ana gafarta wa shahidi komai ban da bashi. Ƙaramin soja da wuya a rasa shi da ɗan bashin mai shago a bariki, ko adashi, ko rancen da ya karɓa lokacin suna. Ku kira abokan aikinsa ku tambaya, su ba za su fara ɗaga maganar ba saboda kunya. A biya kafin a taɓa rabon gado.

Haƙƙoƙinsa ma a bi su da gaske. Sojan da ya mutu a bakin aiki yana da kuɗin inshorar rai da na sallama, wani ɓangaren ta Hukumar Fanshon Soja da ke Abuja yake fitowa, akwai kuma tsarin ɗaukar nauyin karatun 'ya'yansa. Za a nemi takardar shaidar mutuwa, da ta aure, da ta haihuwar yarinyar, da wanda ya rubuta a matsayin magajinsa lokacin shiga aiki. A nan gidaje da yawa ke rikicewa. Yaro yakan rubuta sunan mahaifi ko wa tun yana saurayi, ya yi aure bai canja ba. Wanda sunansa ke takarda amana ya karɓa, a kai wa malami ko alƙali ya raba yadda Allah ya ce. Matarsa ta gama takabarta ta wata 4 da kwana 10, tana iya yin wani auren gobe, kuma babu laifi. Amma kason marainiya a ajiye shi a asusun da ba hannu ɗaya ke taɓawa ba.

To, maganar ƙwallo. Baffa yana da hujja a gefe ɗaya: malamai da dama ba sa son a ware ranar cika shekara a mayar da ita kamar ibada, zaman makoki kuma kwana 3 ne. Sai dai ni ban ga zunubi a samari su buga ƙwallo suna ambaton abokinsu da alheri ba, muddin ba su ɗauke ta addini ba. Rigunan ne ban so. Bayan wata biyu za ki ga fuskar ƙanenki a jikin mai wankin babur, ko an mayar da ita tsumman goge ƙafa, kuma Inna na iya cin karo da ita a hanyar kasuwa. Kuɗin bugun su haɗa, ku ƙara naku, a gyara famfon masallacin unguwa ko a sa wa makarantar allon da ya yi rufin kwano. Gasar kuma a ɗaga ta daga ranar rasuwar zuwa hutun makaranta, ina jin Baffa zai sassauta. Ke ba za ki fuskance shi da wannan ba, ki samu wani dattijo sa'ansa ya yi masa maganar.

Gwamnati na da tata ranar tunawa da sojojin da suka rasu, 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Ana ajiye furanni a Birnin Kebbi kamar sauran manyan biranen jihohi, a saki tattabaru, a watse. Ba na raina ta, jiharku ta Kebbi, da ke da ƙasar Zuru mai yawan sojoji, ta san abin da ta bayar a aikin soja. Amfaninta gare ku shi ne ƙungiyar tsofaffin sojoji, Nigerian Legion, da ke tara gudummawa a lokacin don matan mamata da marayu. Ku kai sunan matarsa da na yarinyar ofishinsu na jiha tun kafin Disamba.

Hotunansa da saƙonnin muryarsa da ke wayoyinku, ki tattara su wuri guda yau, ki wanke biyu ko uku a kati, waya na faɗawa ruwa. Yarinyar nan za ta kai shekara bakwai ta tambayi wane ne babanta, kuma ke gwaggonta za ta fara tambaya.