PSA ɗin Baba ya hau bayan dashen ƙwayoyin radiyeshan

Ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ka ce an dasa masa ƙwayoyin radiyeshan saboda kansar furostet (wani ƙulli da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji) da aka gano da wuri, yanzu PSA, wato sinadarin furostet da ake aunawa a jini don bibiyar cutar, ya ɗan hau, kana tsoron cutar ce ta dawo.

Kwantar da hankalinka tukuna. Ƙwayoyin nan kamar tsabar shinkafa suke, galibi sinadarin aidin-125 mai fitar da radiyeshan ne a ciki, wanda ƙarfinsa ke raguwa da rabi kusan duk kwana 60. Da farko furostet ɗin kan kumbura, fitsari ya riƙa zafi yana fita da kyar. Daga baya naman ya yi tabo, ya motse. A tsakanin shekara 1 zuwa 2, PSA kan ɗan hau ya sake sauka da kansa ga maza da yawa. Shi ya sa likitoci ba sa gaggawar yanko nama a gwada kafin shekara 2, don ƙwayoyin kansar da ke mutuwa kan rikita mai dubawa.

Abin da na fi jin tsoro shi ne jini a bayan gida. In ya gani, ya gaya wa duk likitan da zai duba duburarsa cewa an yi masa dashen, domin yankan wurin kan ƙi warkewa.