Me ya sa Lucky Thompson, ba Charlie Parker ba?

Ka tambaye ni dalilin da ya sa na ɗora ka a kan faya-fayen Lucky Thompson, mabushin saksofon na kiɗan jazz, alhali kai Charlie Parker, shahararren takwaransa, kake so ka kwaikwaya. To yarona, yatsunka sun riga numfashinka gudu. In na sake ka da Parker yanzu, saurin kawai za ka ɗauko, muryar saksofon ɗinka ta zauna siririya yadda take.

Kuma ba nesa da Parker na kai ka ba. A faifan da Parker ya naɗa wa kamfanin Dial a Los Angeles cikin Maris 1946, inda aka yi "Ornithology" da "Yardbird Suite", mai busa tenor ɗin nan, wato saksofon mai kaurin murya, Thompson ne. Ya iya lissafin bebop sarai, wato salon jazz mai sauri irin na Parker, amma bai yar da kaurin sautin manyansa irin su Coleman Hawkins da Don Byas ba. Mutane kaɗan ne suka haɗa biyun.

Fara da faifan Thompson mai suna "Tricotism" na 1956, wuraren da suke su uku: shi, da Oscar Pettiford a bas, da Skeeter Best a gita. Babu ganga, don haka babu inda mabushi zai ɓuya. Kasa kunne ka ji inda yake jan numfashi, da yadda yake sauke ƙarshen kowace gaɓa a hankali, ba ya yanke ta kamar an ƙwace masa ƙahon. Nan ne kai kake zubar da aikinka. Bayan shi ka ji busarsa a "Walkin'" na Miles Davis, 1954. A ganina shi ya ci ranar, ko da yake sunan wani ne a jikin faifan.

Rashin jin sunansa kuwa, ba daga busa ba ne. Mutum ne da ba ya haɗiye magana, ya yi ta sukar kamfanonin faifai da dillalan wasa kan cin gumin mawaƙa. Ya koma Faris da zama a ƙarshen shekarun 1950, ya dawo ya yi "Lucky Strikes" a 1964, sannan cikin shekarun 1970 ya ajiye busa gaba ɗaya. A Seattle ya rasu, 2005.

Wannan makon gaɓa takwas kawai nake so daga "Tricotism". Da kunne za ka ɗauke su, ba da takarda ba, ka rera da baki kafin ka taɓa ƙahon.