Filin Tambaya da Amsa: Tsohuwar amfilifaya mai gurnani

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na gaji wata amfilifaya ƙirar Sansui daga mahaifina, ta shekarun 1970. Tana kamawa, amma gurnani take yi a sifika ko an rage murya gaba ɗaya. Manyan kafasita biyu ne a ciki, an rubuta 10,000µF 50V. Wani mai gyara ya ce in sa masu 22,000µF don ƙarin ƙarfi. Ya kake gani? Daga mai karatu a Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam. Gurnanin da ba ya bin rage murya yawanci daga manyan kafasitan nan yake. Ruwan sinadarin cikinsu yana bushewa, kuma a ƙa'idar masu ƙera su, duk ƙarin digiri 10 na zafi yana raba rayuwarsu gida biyu. Ka haɗa wannan da bazarar Sakkwato, inda Afrilu ke haura digiri 40. Don haka sayi masu rubutun 105°C, ka bar masu 85°C.

Shawarar 22,000µF ban yarda da ita ba. Ba ta ƙara wat ko ɗaya, taransifoma ce ke yanke wannan. Abin da za ta ƙara shi ne wutar da ake zuƙa lokacin kunnawa, sai fiyus ya riƙa tsinkewa ko tsofaffin dayod su ƙone. Tsaya a 10,000, iyaka 12,000. Wurin da ya kamata ka ƙara shi ne volt: ɗauki 63V. Kafasita mai 50V galibi tana ɗauke da kusan 42V. In maɓallin zaɓar volt da ke bayan amfilifayar yana kan 220 kuma wuta ta hau 250, za ta kai kusan 48V, bakin iyaka ke nan. Mayar da maɓallin kan 240, ka haɗa da sitabilaiza, musamman in janareta kake kunnawa.

Kafin ka taɓa komai, cire filogi, ka ɗora rezista 1k mai wat 5 a ƙafafun kowace kafasita na minti guda, sannan ka auna da mita. Kada ka gajarta ta, wato haɗe ƙafafunta biyu, da sukundireba. Ɗauki hoton wayoyin tukuna, domin a irin wannan tsari ɗaya tana layin plus, ɗayar tana layin minus, kuma ta biyun ƙafarta ta plus ce ke zuwa layin ƙasa, wato giraun. A nan mutane ke juya ta, ta kumbura ta fashe. Zanen layin da ke gefen sabuwar kafasita alamar minus ce. Auna faɗin tsohuwar, don sababbi sun fi ƙanƙanta, maƙalin ƙarfen ba zai riƙe su ba sai an naɗa roba.

Duba bod ɗin ma. In ka ga gam mai ruwan ƙasa ya yi baƙi a gindin kafasita, kankare shi. An san shi a wasu Sansui, yana cin ƙafafun rezista har su yi kore. Ƙananan kafasitan kusa da wurin zafi a canza su tare. Sayi ƙirar Nichicon, Panasonic ko Rubycon, amma jabu ya yi yawa: wadda ta yi sauƙi a hannu fiye da girmanta, ajiye ta.

Kunnawar farko, ba sifika, ka sa ƙwan fitila mai waya, wat 60 ko 100, a jere da layin wuta, yadda wutar za ta bi ta cikinsa kafin ta shiga amfilifayar. Ya haska ya dushe, lafiya lau. Ya tsaya da haske, kashe nan take. Daga nan auna DC a wurin da ake jona sifika, ya zama ƙasa da 50mV.

Tambaya: Malam, tawa fiyus take ci, sai na ɗaura waya a madadinsa. Daga Runjin Sambo.

Amsa: Cire wayar yau, in ba haka ba taransifomar za ka rasa, kuma irinta da wuya a samu. Auna dayod ɗin ɓangaren wuta da manyan taransista da mita, mai yiwuwa ɗaya daga ciki ta gajarta. Bayan gyara ka sa fiyus mai lambar da aka rubuta a jikin bod.